Haihuwa a Hannun Hukuma: Matan Maori da Matan Baƙi a Niyu Zilan

A ƙidayar 1896, Maori, 'yan asalin tsibiran Niyu Zilan, ba su wuce mutum 42,000 da ɗoriya ba. Lokacin da sarakunansu suka sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da wakilan Sarauniyar Ingila a 1840, sun kusan ninka haka. Abin da ya cinye su sananne ne: ƙyanda da mura da tarin fuka da taifot da jiragen ruwa suka sauke musu, yaƙe-yaƙen shekarun 1860, da ƙwace ƙasar noma da ya biyo baya. Akwai kuma ciwon sanyi da tunjere, waɗanda ba su cika kisa nan take ba, sai dai su bar mace da yawan ɓari ko su rufe mata haihuwa ɗungurungum. Turawan mulki da yawa sun riga sun yanke cewa ƙarewa al'ummar za ta yi. Amma daga wannan shekara adadin ya fara hawa, kuma tun daga nan ba a daina jayayya ba a kan wanda ke da iko da cikin macen Maori da abin da ta haifa.

Kafin zuwan asibiti, idan naƙuda ta matso akan kafa wa mace 'yar bukka nesa da ɗakin kwana da wurin girki, wadda suke kira whare kōhanga, domin a wurinsu haihuwa abu ne mai alfarma da ba a haɗa shi da abinci. A durƙushe ko a tsugune take haihuwa, tana riƙe da turke ko tana dafe da gwiwoyin mai taimakonta. Mai karɓar haihuwar kan zama kakarta ko gwaggonta, wani lokaci ma mijinta ko wani dattijo a dangi, don ba su ɗauki aikin na mata zalla ba. Idan abu ya yi tsanani sai a kira tohunga, masanin magani da roƙo, ya ambaci Hineteiwaiwa, wadda suka ɗauka uwar haihuwa da saƙa. Cibiya a yanke ta da dutse mai kaifi, a ɗaure da zaren da aka fitar daga ganyen harakeke. Mabiyiya kuwa a binne ta a ƙasar kakanni, kuma a harshensu sunanta da sunan ƙasa ɗaya ne, whenua. Yaron da aka binne mabiyiyarsa a wuri yana da hujjar cewa nan ne asalinsa. Makereti Papakura, 'yar ƙabilar Te Arawa da ta yi karatu a Jami'ar Oksford ta rasu a 1930, ta rubuta yawancin wannan a littafinta da ya fito a 1938, kuma darajar littafin ita ce mace ce daga ciki ta rubuta shi.

Hannun hukuma ya fara shiga ne da matakai uku a jere. A 1904 aka yi dokar rajistar ungozomomi, bisa ƙoƙarin Grace Neill. A 1905 aka buɗe asibitin haihuwa na gwamnati na farko a Welinton, cikin jerin waɗanda aka sa wa suna St Helens, garin da aka haifi Firayim Minista Richard Seddon a Ingila. A 1907 likita Truby King ya kafa ƙungiyar Plunket don koya wa iyaye mata renon jarirai bisa agogo, nono duk bayan awa huɗu. Damuwar da ta haifar da waɗannan ita ce raguwar haihuwa a tsakanin Turawa. Macen Maori ba ta cikin lissafin sosai, kuma shekaru da yawa kula da jariranta ya zauna a hannun 'yan tsirarun ma'aikatan jinya na karkara.

A 1907 ɗin dai majalisa ta zartar da dokar murƙushe tohunga. Adalci ne a faɗi cewa James Carroll, minista Ba-Maori, shi ya gabatar da ita, kuma Māui Pōmare, likitan Maori na farko, ya goyi bayanta. Sun ga 'yan damfara suna tsoma masu zazzaɓin taifot a ruwan sanyi, sun ga yara suna mutuwa, suna kuma gaggawar ceton al'umma da ke bakin rami. Mutanen da aka gurfanar ƙarƙashin dokar kaɗan ne. Ɓarnarta ta wata hanya ta zo: ta sa masu ilimin gaskiya suka kama bakinsu tare da na ƙarya, tsohuwa ta daina koya wa jikanyarta abin da ta sani a fili. Sai a 1962 aka soke ta, bayan tsara biyu sun wuce. A farkon wannan zamani ne Ākenehi Hei ta zama ma'aikaciyar jinya mai rajista a 1908, ta ƙara da aikin ungozoma, ta shiga ƙauyukan Maori tana aiki da harshensu ba tare da raina al'adarsu ba. Taifot ya kashe ta a 1910 bayan ta yi jinyar danginta a Gisborne. Da an samu irinta ɗari a lokacin, da tarihin ya bi wata hanya.

Labarin baƙi ya fara ne da hana mata shigowa. 'Yan Sin sun zo haƙar zinari a shekarun 1860, kuma a ƙidayar 1881 sun kai kimanin 5,000, mata tara ne kacal a cikinsu. A wannan shekara aka ɗora wa kowane ɗan Sin harajin shiga na fam 10, aka mai da shi fam 100 a 1896. Mutumin da ya biya wa kansa da ƙyar ba zai iya kawo matarsa ba, kuma abin da ake so ke nan. Da zinari ya ƙare, 'yan Sin da Indiyawa suka koma noman lambu a wurare irin su Pukekohe da Ōtaki, inda matan Maori da aka raba da gonakinsu suke zuwa ƙodago. Aka fara aure da zama tare, aka fara haihuwa. A 1929 gwamnati ta kafa kwamitin bincike kan aikin matan Maori a lambunan baƙi, da amincewar Āpirana Ngata, babban jagoran Maori na zamanin. An yi maganar albashi da wurin kwana, amma abin da ya fi cika bakin mutane shi ne gaurayar jini. A nan hukuma ta haɗa cikin macen Maori da batun baƙi a takarda ɗaya, kuma ba matan ba ne suka nemi a yi binciken. Shekara 10 bayan haka, da Japan ta mamaye kudancin Sin, aka bar wasu matan 'yan Sin su zo wurin mazajensu na ɗan lokaci, da sharaɗin idan za su koma su tafi da duk yaron da suka haifa a ƙasar. A 1947 aka ba su izinin zama na dindindin.

Babban sauyi ya zo da dokar jin daɗin jama'a ta 1938, wadda ta sa haihuwa a asibiti ta zama kyauta. A ƙarshen shekarun 1930 mafi yawan matan Maori a gida suke haihuwa. Zuwa farkon shekarun 1960 kusan dukkansu a asibiti. Ba za a musa alherin da ke ciki ba. Mutuwar mata wajen haihuwa ta ragu, zubar jini da zazzaɓin jego da suka saba kisa aka samu maganinsu. Amma mace takan shiga ita kaɗai, a bar dangi a ƙofa. A kwantar da ita rigingine, a ɗaga ƙafafunta, a yi mata magana da Turancin da wataƙila ba ta ƙware a kai ba. A ɗauke jaririn zuwa wani ɗaki, a dawo da shi idan agogo ya buga. Mabiyiya kuwa a jefa ta cikin sharar asibiti a ƙone. Ga ma'aikaciyar jinya wannan tsafta ce kawai. Ga uwar da kakar, an yanke wa yaro igiyar da ta haɗa shi da ƙasarsa, kuma da yawa ba su iya buɗe baki su tambaya ba saboda abin da suke kira whakamā, kunya da jin ƙanƙanci a gaban wanda ya fi ka iko.

Matan ba su zauna jiran tsammani ba. A 1937 ma'aikaciyar jinya Ruby Cameron da matan Te Arawa suka kafa ƙungiyar lafiyar mata a Rotorua. A 1951 aka kafa babbar ƙungiyar jin daɗin matan Maori ta ƙasa baki ɗaya, Whina Cooper ta zama shugabarta ta farko. Lokacin ya dace da ƙaura mafi girma a tarihinsu: a 1945 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Maori ne ke birane, zuwa 1986 sun kusan kashi 80 cikin 100. A unguwannin ma'aikata na Okland suka tarar da sababbin maƙwabta daga Samowa da Tonga da tsibiran Cook da Niue, waɗanda masana'antu suka gayyato. A layin awon ciki ɗaya suke zama, a ɗakin haihuwa ɗaya suke kwanciya.

A farkon shekarun 1960 macen Maori kan haifi 'ya'ya shida a matsakaici. Kafin tsakiyar shekarun 1980 adadin ya sauko zuwa biyu da ɗoriya, saukar da masana ƙidaya irin su Ian Pool suka sa cikin mafi sauri da aka taɓa gani. Ƙwayar tazarar haihuwa ta shigo a 1961, kuma mata da yawa da son ransu suka karɓe ta, domin gidan haya a birni ba ya ɗaukar yara goma. Sai dai akwai ɓangaren da ba na son rai ba. Allurar Depo-Provera, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita a 1978 sai a 1992, ana ta yin ta a Niyu Zilan tun kafin nan, kuma 'yan gwagwarmayar mata sun yi ta kuka cewa an fi tura matan Maori da na tsibirai gare ta ba tare da cikakken bayani ba. Dokar riƙon yara ta 1955 kuma ta sa an miƙa jariran Maori da yawa ga iyalan Turawa aka rufe takardun asalinsu, alhali a al'adarsu ta whāngai yaro kan tashi a hannun kawu ko kaka yana sane da wanda ya haife shi. Su kuwa mutanen tsibirai, da tattalin arziki ya karye, daga 1974 zuwa 1976 'yan sanda suka riƙa faɗa wa gidajensu da asuba suna neman waɗanda bizarsu ta ƙare. Mai ciki da ke tsoron a tambaye ta takarda ba za ta je awo ba. Sai a 2021 Firayim Minista Jacinda Ardern ta ba da haƙuri a madadin gwamnati.

A 1984 ƙungiyar matan Maori ta fitar da rahoton Rapuora ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Murchie. Matan ƙungiyar da kansu suka bi gida-gida suka tattauna da mata fiye da 1,000. Wannan ne karon farko da aka yi babban binciken lafiya wanda masu tambaya da masu amsa duk matan Maori ne.

Shekara uku bayan haka abin da ya girgiza ƙasar ya fito. A watan Yunin 1987 Sandra Coney da Phillida Bunkle suka wallafa a mujallar Metro cewa tun 1966 likita Herbert Green na babban asibitin mata na Okland yake barin matan da ke da alamun farko na sankarar bakin mahaifa ba tare da maganin da aka saba ba, don ya gwada ra'ayinsa cewa alamun ba sa zama sankara. Ba a gaya musu gwaji ake yi da su ba. Wasu cutar ta ci jikinsu, wasu suka mutu. Alƙaliya Silvia Cartwright ta jagoranci bincike, ta miƙa rahoto a Agustan 1988, inda aka kuma ji cewa ɗalibai kan duba al'aurar matan da aka yi wa allurar barci ba da izininsu ba. Abin bai tsaya kan wata ƙabila ba, shi ya sa ya yi tasiri: matan Turawa suka ɗanɗani abin da matan Maori suka daɗe suna faɗa ba a saurare su ba. Daga nan aka samu shirin gwajin bakin mahaifa na ƙasa a 1990, da ofishin kwamishinan kare marasa lafiya a 1994, da kundin haƙƙoƙinsu a 1996. Kundin ya ba kowa damar neman tafinta, da ikon yanke shawara a kan duk abin da aka cire daga jikinsa. Da wannan mabiyiya ta koma hannun mai ita. Yau ungozoma kan tambayi kowace mai jego, Baturiya ko Basiniya ko Basomaliya, ko za ta tafi da tata gida.

Wadda ta fi sauya tunanin ma'aikatan lafiya a wannan zango ita ce Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya kuma malama. An horar da ma'aikata cewa su kula da kowa daidai, kada su dubi launinsa ko addininsa. Ita ta ce wannan rufe ido ne, domin mai jinya ma tana da tata al'adar, kuma ita ke riƙe da iko a bakin gado. Ba ta nemi a haddace jerin al'adun Maori ba. Ta nemi ma'aikaciya ta fara duban kanta, sannan a bar wa maras lafiya hukuncin ko an kula da shi cikin aminci, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta kira wannan kawa whakaruruhau. A 1992 hukumar ma'aikatan jinya ta sa shi cikin jarrabawar ƙasa, a 1993 jaridu da 'yan siyasa suka yi masa ca, suna cewa an mai da makarantar jinya dandalin siyasa. Ya tsira, kuma ya bazu har Ostireliya da Kanada. A daidai lokacin, gyaran doka na 1990 zamanin Helen Clark tana ministar lafiya ya ba ungozomomi ikon karɓar haihuwa ba tare da likita a kansu ba, ungozomomin Maori suka kafa ƙungiyarsu Ngā Māia a 1993, sannan a 1995 aka kafa kwamitin matan Maori da dole a nemi izininsa kafin a yi amfani da bayanan gwajin mahaifarsu.

An yi wannan shiri ne ana gab da buƙatarsa fiye da da. Dokar shige da fice ta 1987 ta daina fifita Turawan Birtaniya, mutane suka kwararo daga Sin da Indiya da Koriya da Filifin. Tsarin karɓar 'yan gudun hijira ya kawo iyalai daga Somaliya da Habasha da Sudan da Iraƙi da Afganistan. A ƙidayar 2023, Maori kashi 17.8 ne cikin 100, 'yan asalin Asiya 17.3, mutanen tsibirai 8.9, kuma kusan kashi 29 na mazauna ƙasar a waje aka haife su. Kowace ta zo da abin da uwarta ta koya mata. Basiniya tana son wata guda a ɗaki, ba ruwan sanyi, ba iska. Ba'indiya da Basomaliya suna ƙirga kwana arba'in, kamar yadda mai jego take yi a ƙasar Hausa. Asibiti kuwa yana sallama bayan kwana biyu, ya miƙo ruwan ƙanƙara, ya ce a tashi a taka. Mafi zafi shi ne uwa da surukar da za su riƙe jegon suna can wata nahiya suna jiran biza.

Kaciyar mata ta kawo gwaji mai wuya. An haramta ta daga Janairun 1996, amma ungozomomin da ba su taɓa ganin macen da aka ɗinke ba sukan firgita a gabanta, ita kuma ta fita ba ta sake dawowa awo ba. Matan Somaliya da Habasha da kansu suka shiga aikin koyar da ma'aikata da wayar da kan jama'arsu. A 2020 aka faɗaɗa haramcin da kudurin da 'yan majalisa mata huɗu daga jam'iyyu huɗu suka ɗauka tare: Jo Hayes da Jenny Marcroft, masu jinin Maori, da Golriz Ghahraman wadda ta zo gudun hijira daga Iran, da Priyanca Radhakrishnan haifaffiyar Indiya.

Duk da haka kuskure ne a zuba matan Maori da matan baƙi a tukunya ɗaya, ko da yake ƙofar da na farkon suka ɓalle ce na biyun suke shiga. Macen Maori tana da yarjejeniyar 1840 a bayanta, tana da kotun Waitangi, wadda a 2019 ta yanke cewa gwamnati ta saɓa alkawari a harkar lafiya a matakin farko. Baƙuwa takardar biza take da ita. Idan izinin aikinta bai kai shekara biyu ba, kuma mijinta ba ya cikin waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, ita za ta biya kuɗin haihuwa, sannan tun 2006 haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa jariri ya zama ɗan ƙasa. Raunukan ma ba iri ɗaya ba ne. Rahotannin kwamitin bibiyar mutuwar masu jego da jarirai sun nuna cewa kashe kai shi ne kan gaba wajen mutuwar masu ciki da masu jego, kuma ya fi yawa a matan Maori da kusan ninki uku a kan Turawa. Rasa jariri a ciki ko a kwanakin farko kuwa ya fi addabar matan Indiya da na tsibirai. Tsoron a ƙwace jariri ya fi zama a gidajen Maori. A Mayun 2019 jami'an kula da yara suka zo asibitin Hastings don ɗauke jariri ɗan kwana shida daga uwarsa, ungozomomi da dangi suka tsaya mata, hoton bidiyon ya fita, aka yi zanga-zanga da bincike har da na kotun Waitangi.

Inda aka bar mutane suka nemo mafita da kansu, an ga bambanci. An daɗe ana gargaɗin iyayen Maori kada su kwana gado ɗaya da jariri, gargaɗin bai shiga ba. A 2006 likita David Tipene-Leach da masaƙan yankin Gisborne suka fito da wahakura, ɗan kwandon harakeke da ake ɗorawa a kan gadon uwa, jariri yana gefenta amma yana da wurinsa. Haka aka yi da sankarar bakin mahaifa, wadda take kashe matan Maori fiye da ninki biyu na sauran mata. Talei Morrison, shahararriyar mai waƙa da rawar gargajiya, ta yi amfani da ragowar kwanakinta tana kiran mata su je gwaji kafin cutar ta kashe ta a 2018. Farfesa Bev Lawton da abokan aikinta suka gwada a arewacin ƙasar su miƙa wa mace tsinken auduga ta ɗauki samfurin da hannunta a keɓe. Matan da suka daɗe suna gudun gwaji suka karɓa da kusan ninki uku. A Satumban 2023 aka mai da wannan tsarin ƙasa, kuma matan Asiya da Musulmi da ke ƙin tuɓewa a gaban baƙon ido suna cikin waɗanda ya fi yi wa amfani.

Hukumar lafiyar Maori, Te Aka Whai Ora, wadda aka kafa a Yulin 2022 don irin wannan aiki ya samu gida da kasafi, sabuwar gwamnati ta rushe ta a ƙarshen Yunin 2024, tana cewa buƙata za a duba ba ƙabila ba. A 2025 aka zaɓi Bev Lawton gwarzuwar shekara ta Niyu Zilan, tana ci gaba da neman a mai da gwajin bakin mahaifa kyauta ga kowace mace, domin har lokacin wasu rukunoni ne kawai aka yafe wa kuɗin.